A Bar Ɗalibi Ya Ga Ƙwayar Halitta da Idonsa

A shekarar 1665 ne masanin Ingila Robert Hooke ya duba ɓawon itace a madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Da ido aka fara sanin ƙwayar halitta, amma a makarantu da dama sai dai a zana ta a allo, ɗalibai su haddace.

Wannan kuskure ne, domin gani ya kori ji. Siririn ɓawon albasa da ɗigon aidin sun isa ɗalibi ya ga bango da cibiyar ƙwayar tsiro. In ya kankaro cikin kumatunsa ya rina, zai ga ƙwayar dabba ba ta da bango. Bakteriya kuwa cibiya ce ba ta da ita.

Sannan zai gane muhimmancin siffa. Jar ƙwayar jini lafiyayya kamar faifai take, tana rayuwa kimanin kwana 120. Ta mai amosanin jini takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Wanda ya fahimci haka ba zai raina gwajin jini kafin aure ba.

Lalle madubi yana da tsada, amma guda ɗaya ya ishi aji idan aka bi layi. Wajibi ne hukumomin makarantu su samar da shi, malamai kuma su daina kulle shi a kabad.