Kafin A Ce Dikoda Ta Ƙone, A Duba Rimot

Ranar Juma'ar da ta wuce Inna ta kira ni daga Briqueterie, ina gida a Cité Verte. Wai ga malam yana ta motsa baki a talabijin, amma ko tari ba ta ji. Kafin in iso har wani mai gyara ya leƙa, ya ce dikoda ta ƙone, a ba shi sefa dubu 15 ya sayo sabuwa a kasuwar Mokolo. Ban yi minti biyar ba murya ta dawo. Ashe jikanta ne ya danna maɓallin kashe sauti a rimot ɗin dikodar, ita kuwa tana ta ƙara murya da rimot ɗin talabijin.

Ni a ganina wannan cuta ce, kuma ta yi yawa a unguwanninmu. In hoto yana fita tas, da wuya a ce akwatin ya mutu. Sau da yawa waya ce: rawaya ta hoto, ja da fara su ne na murya, ɗaya ta saki shike nan. In HDMI ce, a zare a mayar. Wani lokacin kuma saitin sauti ne ya koma Dolby, tsohuwar talabijin ba ta gane shi, sai a mayar da shi PCM. In tasha ɗaya ce kurum ta yi shiru alhali CRTV tana magana, to a sake binciken tashoshi. Wuta ta ɗauke ta dawo, dikoda ta rikice? A cire ta daga soket na ɗan lokaci.

Amma fa duk wannan da Faransanci ko Turanci yake a rubuce cikin akwatin, Inna kuwa allo ta yi, ba lakwal ba. Ita talabijin kunne ce: tafsiri, labarai, da Daɗin Kowa a Arewa24, inda take jin Hausar da jikokinta suka fara cakuɗawa da Faransanci.

Don haka mai sayar da dikoda ya daure ya zauna minti goma ya nuna wa mai saye da Hausa, tunda kuɗinsa ya karɓa. Mu 'ya'ya ma da namu laifin, mukan haɗa mu tafi. Ni dai na manna farin salatif a kan maɓallin nan, na kuma ce wa Inna kada ta sake ba kowa ko dala sai ta kira ni.