ZAUREN IYALI: Gizon Turawa da Yaranmu

 Zancenmu na wannan wata a kan abin dariya ne, amma akwai nauyi a cikinsa.

Dattawan ƙasar Katsina ba su manta da zamanin majigi ba, sa'ad da mota kan zo gari a kafa farin ƙyalle a fili, kowa ya fito kallo. Yau kuwa majigi ya shiga aljihu. Nan Wagini waya guda ta isa ta tara yara goma a gindin itace. Cikin abubuwan da su ke kallo har da wasannin ban dariya na Amurka, inda mutum mai rai ke tafe tare da zomo ko ɓera na zane, watau katun, suna hira suna faɗa sai ka ce 'yan gida ɗaya.

Abin ba sabo ba ne. Kyanwa Tom da ɓera Jerry sun fara fitowa a 1940. A 1945 wani gwanin rawa, Gene Kelly, ya taka rawa da ɓeran nan a fim ɗin Anchors Aweigh. A 1988 aka yi Who Framed Roger Rabbit, labarin wani mai binciken laifi da ya taimaki zomon da aka yi wa ƙazafin kisan kai. A 1996 kuma Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwando, ya yi wasa da zomo Bugs Bunny a Space Jam.

Ƙaƙa a ke yin haka? Da farko akan ɗauki hoton mutumin shi kaɗai, yana magana da iska, yana miƙa hannu ga abin da ba ya nan. Hotuna 24 ne ke wucewa cikin sakan ɗaya na fim. A dā masu zane kan bi hotunan nan su zana zomon da hannu, har da inuwarsa. Yanzu kwamfuta ta ɗauke musu yawancin wahalar.

To, me ya sa yaranmu su ke son su haka? Ni dai a ganina Gizo su ke gani. Ɓera ƙarami ne, kyanwa babba, amma kullum dabara ke kā da ƙarfi. Yaro kuwa shi ne ƙarami a gida, kowa na aikensa, don haka yakan ji daɗi in ƙarami ya ci nasara. Akwai ma zumunta ta ainihi. Bayin da aka kwashe daga Afirka sun tafi Amurka da tatsuniyoyinsu, har labarin zomon da ya manne a jikin 'yar tsanar kwalta ya shiga fim ɗin Song of the South a 1946. Wanda ya san Gizo da budurwar danƙo zai gane shi nan da nan. Ban da haka, ganin babban mutum mai kwat da hula yana gardama da zomo, shi kansa abin dariya ne, kamar a ce mai gari ya zauna shari'a da bunsuru.

Koyarwa ta bakin abin da ba ya magana ba laifi ba ce. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya ba da misalin itatuwan da suka tafi neman sarki, ya faɗa wa mutanen Shekem gaskiya mai ɗaci ta hanyarsa. Dariya mai tsabta kuma kyautar Allah ce. Yaran ƙasar Batsari da Safana, waɗanda suka sha kwana cikin tsoro saboda 'yan bindigan dajin Rugu, ba masu bukatar a hana su dariya ba ne.

Amma ga inda hankali ya shigo. Tatsuniya tana da ƙofa. Kaka ta ce ga ta nan, ta ƙare da ƙurunƙus, yaro ya san an fita daga duniyar ƙarya, in Gizo ya yi zari kuma a gaya masa sakamakon zari. Waya ba ta da wannan ƙofa. Ga shi kuma mutum mai rai na tsaye kusa da zanen, sai ƙaramin yaro ya ɗauka duka gaskiya ne. A can akan maƙe kyanwa da guduma ta baje kamar waina, ta tashi garau. A gidanmu in yaro ya maƙa wa ƙanensa taɓarya, sai asibiti. Ku sani kuma ba kowane mai zane ba ne na yara. Fim ɗin Roger Rabbit yana da shan giya da shigar banza, manya aka fi nufi da shi.

Saboda haka ga shawara uku. Ta fari, uba ko uwa su fara kallon abin kafin a miƙa wa yaro. Ta biyu, ku zauna ku yi dariyar tare, sa'an nan ku yi masa ƙurunƙus da kanku. Ku tambaya, wa ya yi gaskiya a nan, wa ya yi cuta? In da ƙanenka ne aka buga, da zai tashi? Ta uku, kada waya ta kori kaka. A bar wa tatsuniya darenta, a bar wa addu'ar iyali lokacinta.

Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu, ya kuma maido da salama a ƙasarmu. Amin. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.