Kalmar "Scrutiny" Ta Wuce Dubawa

Masu fassara kan mayar da kalmar Ingilishi "scrutiny" zuwa "dubawa". Wannan tauye ma'ana ne, domin tushenta na Latin yana nuni da tone tarkace ɗaya bayan ɗaya. "Binciken ƙwaƙwaf" ya fi dacewa.

Lamarin ya wuce ƙamus. Dagwalon majemun Sharaɗa da Challawa yana kwarara Kogin Challawa, na masana'antun Bompai kuwa ta Getsi zuwa Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwa. Idan labari ya ce hukumar kare muhalli NESREA ta "duba" masana'anta, leƙawa ta yi ko sinadarin kuromiyam ta auna? Manomi yana da haƙƙin sani, fayyace masa kuwa nauyi ne a wuyan masana Hausa.