Ƙaramar kwamfuta: in ta gaji, a ƙara mata ƙarfi

Manoma da makiyaya, yau maganar na'ura ce. Kwamfuta, wadda a nan aka fi sani da ordinater, ta shigo ofisoshin magajin gari da gidajen rediyon karkara, daga Gidan Runji har Agye da Gazawa. Ƙungiyar manoma ma tana da bukatarta. A ciki magatakarda ke rubuta wanda ya ajiye buhun gero a magaza, da wanda ya karɓi bashi, da ranar biya. In ta mutu da lissafin a cikinta, rigima ta tashi a gari.

Akwai babba mai kama da akwatin amarya. Akwai ƙarama wadda ba ta wuce littafi mai kauri ba. Ƙaramar ce ta dace da karkara, don ba ta shan wuta. Babbar takan zo da gidan wuta na wat 200 ko 300. Ƙananan da yawa wat 65 ya ishe su, kuma farantin hasken rana da batir suna iya ɗaukarsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wutar yankin Maraɗi da Damagaram daga Katsina take shigowa, ta Gazawa. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris 2024. Mai ƙaramar na'ura da faranti bai daina aiki ba.

To, in an sayi ta hannu a Maraɗi ko Kano, sai aka ga tana jan ƙafa, me za a yi? Wasu sai su ce ta tsufa, a sayi sabuwa. Wannan ɓarnar kuɗin ƙungiya ce. Sau da yawa abu biyu kawai take so.

A dubi gidan manomi. Akwai rumbu, inda hatsi ke kwana. Akwai masussuka, inda ake aiki. In masussuka ta yi ƙunci, ko rumbu ya kai girman ɗaki, sussuka ba ta sauri. Haka na'urar take. Masussukarta ita ce wani ɗan falle mai tsawon yatsa, sunansa RAM. Ana auna shi da jiga. Mai jiga 4 tana wahala da aikin yau. In aka mai da ita jiga 8, sai ta sake. Amma a kula, fallen iri-iri ne. Akwai DDR3, akwai DDR4, kuma tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya tura da ƙarfi zai karya. Gara a cire tsohon, a tafi da shi kasuwa, a ce wa mai shago: «Malam, irin wannan nike so.»

Rumbunta kuwa shi ne inda rubutu ke zama. Tsohon iri faifai ne mai juyawa sau 5.400 ko 7.200 a minti ɗaya. Abin da ke juyawa haka ba ya son girgizar amalanke, ba ya son faɗuwa. Sabon iri, wanda ake ce wa SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma bai cika zafi ba. Wanda kuɗinsa bai kai na abu biyu ba, ya fara da wannan.

Kafin a taɓa komi, a kwafe lissafin ƙungiya a ɗan makullin USB, a ba shugaba ya ajiye. Sannan a zare waya daga wuta. Mai aikin ya taɓa ƙarfe da hannunsa tukuna, don jikin mutum yana tara 'yar wuta a lokacin hunturu, irin wadda ke tartsatsi in an tuɓe riga da dare. Ita kaɗai tana iya kashe falle. Dunƙule guda ko biyu ne ke riƙe da murfin yawancinsu.

Babban abokin gabarta ƙura ce. Ƙaramin gida ne, iska ba ta da wurin wucewa. Hazo ya toshe fanka, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ta riƙa mutuwa da kanta da tsakar rana. A buɗe ta bayan hunturu, a share da burushi mai laushi. Ban da ruwa. In an gama aiki a rufe ta da zane, amma ba tana kunne ba.

Akwai kuma ɗan batir mai kama da dala biyar, an rubuta CR2032 a kansa. Shi ke riƙe mata kwanan wata. In ya ƙare, ranar da ke kan takarda sai ta koma shekarun baya, mai bashi ya samu abin gardama. Masu gyaran agogo suna sayar da shi. Magatakarda ya duba kwanan wata kowace safiya kafin ya rubuta buhun farko.