"A kai shi gida": taimako ne ko sallama?

Yau magana ce a kan wata al'ada tamu da muke wa kallon zumunci, ni kuwa na daɗe ina ganin tana cin rayukan mutanenmu a ɓoye. Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ko Sabon Badun ya san ta. Da zarar ciwo ya kwantar da ɗan uwa ya kai ba ya iya tashi, sai a miƙe bayan sallar la'asar a yi sanarwa, a zagaya da hula, kafin magariba an tara kuɗi. Kuɗin me? Kuɗin mota. A kai shi gida. A shimfiɗa masa tabarma a bayan tirelar da ta sauke shanu ko albasa, ko in yana da gata a sama masa kujera a doguwar mota, a haɗa shi da yaro guda, a yi addu'a, kowa ya koma bakin sana'arsa da jin cewa ya sauke nauyi.

To jama'a, wane gida? Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kilomita kusan dubu ce, mai lafiya ma yana sauka a galabaice, balle wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki ko wanda ƙodarsa ta tsaya. Kuma akasarin waɗanda ake mayarwa ba birnin Kano ko Sakkwato za su ba, ƙauye za su, inda ɗakin shan magani ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya ne, likita kuwa sai an sake hawa mota. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar, sannan waɗanda suka rage, wajen 55,000, Legas da Abuja ne suka kwashi kaso mai tsoka. Wato mu muna ɗauke marar lafiya daga inda likitocin suka taru, mu kai shi inda babu su, da kuɗin da muka tara da hannunmu.

Abin takaicin ma shi ne maƙwabtaka. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wanda aka kafa a 1962, a Idi-Araba yake, unguwar da Hausawa suka fi yawa a yankin Mushin. Asibitin koyarwa na Badun da aka buɗe a 1957 ba shi da nisa da Sabo, unguwar da kakanninmu suka zauna tun 1916. Mutane na tasowa daga Kwara da Ondo su zo waɗannan asibitoci, mu da muke jin jiniyar motar asibitin daga ɗakunanmu muna neman motar Arewa.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan magana ba. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayyar ƙasar da aka yi taron a cikinta ba ta taɓa cika alkawarin ba. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, a shekarar ne kamfanin GSK ya sanar da tattara komatsansa, masu asma da masu sayen Augmentin sun san abin da suka gani. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma mai gadi da ɗan ga-ruwa da mai shayi wannan dokar ba ta ma san da su ba. Duk na yarda.

Amma a duba yadda muke kashe ɗan abin da muke da shi. Ciwo na farawa, sai kemis: a haɗa na ɗari biyar. Ya lafa, ya dawo, a haɗa na dubu. Daga nan sai mai maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa, wanda gora ɗaya ke maganin basir da shawara da ciwon suga da sanyi. In abu ya ƙi, sai ƙaramin asibitin kuɗi na cikin unguwa, ɗaki uku da labule, saboda a can babu layi kuma ana yi maka murmushi. A can kowane ciwo taifot ne da maleriya. A ɗaura ƙarin ruwa leda biyu, leda uku, a kwana huɗu, jari ya ƙare, a sayar da babur. Ranar da kuɗi suka ƙare ranar ce ake rubuta takarda a ce a tafi babban asibitin gwamnati. Sai mu isa can da marar lafiya rai-kwakwai-mutu-kwakwai, aljihu wayam, a ce a yi gwaji a sayo magani, babu. Daga nan ne ake cewa asibitin gwamnati ba su da imani, a kai shi gida kawai. Alhali kuɗin da za a yi maganin an riga an rabar da su a hanya.

Ba cewa nake duk asibitin kuɗi haka yake ba. Akwai na ƙwarai a Ikko da Fatakwal, amma waɗannan kafin alƙalaminsu kaɗai ya fi jarin mai tireda, don haka ba su ne namu ba. Namu su ne na labule. Kuma ba wanke asibitin gwamnati nake ba. Sai ka yi sammako kafin asuba don yankar kati, a ba ka ranar ganin likita wata guda a gaba, safar hannu da auduga da allura duk kai za ka sayo, a ce babu gado, likitoci masu neman ƙwarewa su tafi yajin aiki kamar yadda suka yi wajen wata biyu a 2021. Asibitin koyarwa na Badun kansa ya yi watanni babu wutar lantarki daga ƙarshen 2024 saboda bashi. Ga kuma wulaƙancin da mu kaɗai muka san ɗacinsa, a kira ka "aboki" a gaban jama'a, a yi maka tsawa da Yarbanci ko Turanci, ka kasa faɗin inda ke maka ciwo. Duk da haka, a can ne ƙwararren likitan yake, a can ne injin gwajin yake, kuma a can ne ganin likita bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Akwai abubuwan da haƙƙinmu ne, ba mu sani ba, ko mun sani mun yi sakaci. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, amma mutum goma na kwana a shago guda da mai tari wata uku, ana ba shi zuma da citta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, korar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar 2017 ta ce a karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, wannan kuwa ya shafi masu gadinmu kai tsaye. Ana karya waɗannan dokoki kullum, na sani, amma wanda ya zo da mai magana a bayansa ba a yi masa abin da ake yi wa wanda ya zo shi kaɗai. A ƙarshen 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da ke cikin shirin, a 2025 kuma ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Waye a cikin shugabanninmu ya je ya tambaya ko abin ya tabbata, ya dawo ya yi wa jama'a bayani a masallaci?

Sai maganar inshorar lafiya. Tun 2022 doka ta wajabta ta a kan kowa. Legas na da nata shirin, Ilera Eko, Oyo ma na da hukumarta, kuma sharaɗin shiga zama ne a jihar, ba asalin ƙabila ba. Ba ta ɗaukar kowane ciwo, kar wani ya ce na yaudare shi, amma tana ɗaukar irin waɗanda ke kai mu kemis kullum, da awon ciki, da duba hawan jini kafin ya kayar da mutum. Wasu za su ce inshora caca ce. To, mu bar wa malamai wannan, akwai ma tsarin takaful ga mai shakka. Amma adashi fa? Karo-karo fa? A ce masallaci guda mai mutum 300, kowa ya ajiye naira 200 a mako, naira 60,000 ke nan duk Juma'a, sama da miliyan uku a shekara. Ƙungiyoyin 'yan gwari da na mahauta da na 'yan canji suna karɓar fiye da haka. Muna da asusun beli in 'yan sanda sun kama namu, muna da kuɗin naɗin sarauta da na anko da na tarbar ɗan siyasa. Asusun jinya ne kawai ya gagare mu.

Akwai lokacin da komawa gida daidai ne, ban musa ba. In likita ya duba ya ce babu sauran abin yi, ko tsoho ya ce shi dai ya ga 'ya'yansa, ko ɗan ci-rani ba shi da ɗaki balle mai dafa masa kunu, babu mai hana shi. Abin da nake ja da shi shi ne a yanke hukuncin a bakin masallaci, babu gwaji, babu sunan ciwon, babu takarda ko ɗaya da za a nuna wa likitan can. Mu faɗi gaskiya, sau da yawa ba don marar lafiya ake yi ba, don mu ne. Jinya nauyi ce, wa zai bar sana'a ya kwana a benci? Gara a biya kuɗin mota sau ɗaya a huta, in ya cika a hanya a ce kwana ya ƙare. Kwana na ƙarewa kam, a gadon asibiti ma yana ƙarewa, amma wannan bai taɓa zama hujjar barin magani ba.

Sarakunan Hausawa na Kurmi, wannan maganar taku ce. Kuna da bakin magana a wurin shugabannin ƙananan hukumomi, kuna zuwa gidan gwamnati gaisuwar sallah. A cikin yaranmu da aka haifa a nan akwai masu jin Yarbanci da Turanci kamar Hausa, wasunsu ma ma'aikatan jinya ne. A ware biyu a kowace unguwa, namiji da mace, a riƙa biyansu daga asusun, aikinsu raka marar lafiya ya yanki kati, su yi masa tafinta, su karanta takardar magani, su san ofishin kula da marasa galihu da ke cikin manyan asibitoci. A sayi na'urar awon jini guda a ajiye a masallaci. A gayyaci jami'an inshorar jiha su zo da fom ranar Juma'a, kamar yadda ake gayyatar masu rajistar zaɓe, waɗanda su kam ba a taɓa barinsu sun rasa tebur da kujera ba.