DANDALIN MAWAƘA: Tony Bennett, dattijon da ya ja matasa zuwa fagen sa

A wannan watan za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu dubi wani dattijo da ya ƙi yarda a jingine shi a lungu, wato Tony Bennett, wanda ya rasu ran 21 ga Yuli, 2023, ya na da shekara 96.

Kafin mu yi nisa, bari mu bambance abu biyu. Pop ita ce waƙar yayi, wadda gidajen rediyo ke ta sakawa, samari da 'yan mata na rububin saye. Shi kuwa jaz, kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka su ka ƙirƙiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. A jaz, makaɗi ba ya bin waƙa sak. Ya kan ja ta, ya karkata ta, ya ƙara nasa gishirin nan take, ta yadda in an yi waƙa ɗaya sau biyu ba za ta fito iri ɗaya ba. Da yawa daga masu jaz kallon 'yan kasuwa su ke yi wa 'yan pop, su kuma 'yan pop gani su ke jaz kiɗan tsofaffi ne.

To, Bennett a kan wannan iyakar ya yi rayuwar sa. Da pop ya yi suna a 1951, sannan ya yi albam da gwanayen jaz irin su Count Basie a 1959 da Bill Evans a 1975. Da kiɗan rok ya mamaye kasuwa, kamfanin sa ya matsa masa ya riƙa rera waƙoƙin yara masu tashe. Ya gwada a 1970, abin bai karɓe shi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ba shi da kamfani, ga bashi ya yi masa katutu. Sai ɗan sa Danny ya karɓi ragamar harkokin sa. Dabarar yaron mai sauƙi ce: kada Baba ya canza komai, mu dai mu kai shi inda matasa su ke. A 1994 ya bayyana a tashar MTV da kwat ɗin sa da tsofaffin waƙoƙin sa, kuma albam ɗin da aka naɗa a wurin ya ci kyautar Grammy ta albam ɗin shekara a 1995.

Daga baya ya shiga haɗa murya da taurari. Ba shi ya fara ba. Frank Sinatra ya yi haka a 1993 da su Bono da Aretha Franklin, sai dai ba su taɓa tsayawa da shi a situdiyo ba. Kowa daga inda ya ke ya aza muryar sa a kan tasa. Albam ɗin ya yi kasuwa, amma masu sharhi sun yi ta gunaguni. Shi Bennett sharaɗin sa shi ne a zo ɗaki ɗaya, a tsaya ido da ido, makaɗa na kiɗa kai-tsaye. Haka ya yi da su Paul McCartney da Stevie Wonder da Elton John a 2006, lokacin da ya cika shekara 80.

A Maris 2011 ya shiga situdiyon Abbey Road a Landan tare da Amy Winehouse, su ka rera "Body and Soul", waƙar da aka rubuta tun 1930. Ita ce waƙar ƙarshe da yarinyar ta naɗa, domin ta rasu a Yuli na shekarar, ta na da shekara 27. Albam ɗin da waƙar ke ciki ya hau lamba ɗaya a Amurka, karo na farko a rayuwar Bennett, ya na da shekara 85!

Sai kuma Lady Gaga, wadda ya girme ta da shekara 60, wadda aka sani da kiɗan rawa da shigar ban-mamaki. Wasu sun ce neman suna kurum ta ke yi. Amma da albam ɗin su "Cheek to Cheek" ya fito a 2014, aka ji murya zalla, ba na'urar da ta rufa mata asiri. Ga abin dariya: mujallar Billboard ta sa shi a saman jerin jaz, su kuma masu Grammy su ka ba shi kyauta a rukunin pop irin na da. To, wanne ne ke nan?

Amsar za ta yi maku daɗi, ku 'yan kallon fim. Waƙar da aka raɗa wa albam ɗin sunan ta, waƙar fim ce. Irving Berlin ya rubuta ta domin fim ɗin "Top Hat" na 1935, inda Fred Astaire ya rera ta ya na rawa da Ginger Rogers. Yawancin waƙoƙin da masu jaz ke tinƙaho da su daga finafinan Hollywood da wasannin dandamali su ka fito. Wato waƙoƙin yayi ne na zamanin kakanni. Daɗewa da hannun gwanaye su ka mayar da su abin girmamawa. Don haka a riƙa sassauta wa waƙar fim.

A 2016 likitoci su ka gano Bennett na da cutar mantuwa. Duk da haka, in fiyano ya tashi, baitocin su kan dawo masa. A Agusta 2021, ya na da shekara 95, shi da Gaga su ka yi wasan bankwana a zauren Radio City na New York. Ita da bakin ta ta faɗa cewa ya daɗe bai kira sunan ta ba, amma da ta fito dandamali, sai ya ambace shi.

Darasin dai a fili ya ke. Tsohon mawaƙi bai kamata ya bar abin da ya iya ya bi yara ba, shi kuma yaro ya daure ya je ya tsaya kusa da na gaba tun ya na raye. Ku aiko mana da ra'ayin ku: wane dattijo da wane matashi ku ke so ku ji a waƙa ɗaya? Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.