Kafin a sake raba mana 'ya'yan kifi, a fara da bincike

Rubutun wannan mako kan kiwon kifi ne a yankinmu na Fakku, Kebbe da Tambuwal.

Allah ya hore mana ruwa. Ga Gulbin Ka a Fakku, ga Gulbin Zamfara, ga tafkin Romo a ƙasar Tambuwal. Amma ku tambayi duk wani basarke, zai gaya muku abin da taru ke kamawa yau bai kai na zamanin mahaifinsa ba. Shi ya sa matasa ke komawa kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti ko na tamfol. Da yawa sukan yi zubi ɗaya, jari ya karye, su haƙura.

A ganina ba ragwanci ba ne. Ilimin da suke aiki da shi daga Kudu aka ɗauko shi, inda yanayi ya bambanta da namu. Akwai tambayoyi uku da ke neman amsa a ƙasarmu.

Ta farko, abinci. Shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Muna da waken suya, ƙuli-ƙuli da dusar shinkafa. Wane haɗi ne zai girmar da tarwaɗa ba tare da ya ɓata ruwa ba? Sai an auna, ƙiyasi ba ya yi.

Ta biyu, yanayi. Da hunturu tarwaɗa kan rage ci, ƙyanƙyasa ta yi wuya. Da bazara zafi kan haura digiri 40. A wane wata ya kamata a zuba, kuma zurfin kududdufi nawa?

Ta uku, iri. Me ya sa kullum sai tarwaɗa? Ƙarfasa da ramboshi fa, waɗanda suka saba da ruwanmu?

Masu cewa a kawo kirefish na waje a gwada kuwa, a yi hattara. An zuba irin na Amurka a tafkin Naibasha na Kenya wajen 1970, ya cinye ciyawar ruwa, ya riƙa lalata tarun masunta. Abin da ya shiga gulbi ba ya fita.

Masu binciken ba su yi nisa ba. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, wadda ta faro tun 1968 da aikin tafkin Kainji. Akwai masana kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal su ba su fili a bakin gulbi, a yi gonar gwaji tare da Sarkawa, a kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo.

Mu ma da namu aiki. Duk mai kiwo ya riƙe littafi: kifi nawa ya zuba, buhu nawa suka ci, nawa suka mutu, nawa ya sayar. Da wannan mai bincike zai fara. Wanda ya taɓa kiwo ya ba mu labarinsa a ƙasa. Allah ya sa albarka a nema.